Leshin Goggo da Na'urar Tabarau

"Ƙarshen wata ka ce?" in ji Baba.

"Ƙarshen wata, Baba, in Allah ya yarda."

"To miƙo hannunka."

Suka tafa. Ni kuwa ina bayan labulen da ya raba gaban shago da ɗakin ajiya, na rungume bandir ɗin yadi, ina leƙe ta wata 'yar huda da ɓera ya yi mana sadaka. Jama'a, a kan idona aka ƙulla yarjejeniya a kaina, kuma ko tari ban samu damar yi ba.

Bari in gaya muku su wane ne, kada ku ɓace a hanya. Ni ce Auta. Babana yadi da leshi yake sayarwa tun ba a haife ni ba, kuma tun da na gama makaranta ni ce mai riƙe makullin kabad ɗin ciki, inda ake ajiye leshi na gaske, masu tsada. Masu araha, 'yan kwaikwayo, suna baje a teburin gaba, Yayana ke kula da su. Baba ba ya yaudarar kowa: in kana son na tebur ga shi, in kana son na kabad ga shi, aljihunka ne zai zaɓa maka.

Wanda ya tafa da Baba kuwa shi ne Tabarau. Dogo ne siriri, yana aiki a wani kamfani da ke koya wa kwamfuta gane abubuwa a hoto. Ranar da na fara ganinsa yayarsa ya rako sayen leshi. Na sha kwalliya, na tsaya a gabansa, amma bawan Allah nan ya kafa wa leshin ido ya ce, "Furen nan maimaita kansa yake yi, sai dai na gefe an juya shi." Na ce a raina, wannan ko waliyyi ne ko gara. Bayan nan ya riƙa dawowa yana sayen rabin yadi, rabin yadi, na abin da ko labulen taga ba zai yi ba, sai na gane ba waliyyi ba ne.

Sai kuma Goggo, yayar Baba, wadda in ta yi magana a gidanmu har fanka rage gudu take yi. Ita tana da nata ɗan takarar, ɗan ƙanin mijinta, wanda kowa ke kira Manaja, ko da yake har yau ban samu wanda ya gaya min manajan mene ne ba. Yana da mota, yana kuma da yatsan da ba ya gajiya da juya makullinta. Ba wanda ya ce dole, amma kun san irin matsin dangi: ba a ɗaure ka, sai dai duk ƙofar da ka nufa ka tarar da mutum zaune a bakinta yana murmushi.

Ranar da suka tafa ɗin, Tabarau ya zo ne ya gaishe da Baba, ya nemi izinin neman aurena. Sai ya tarar da shi cikin fushi. Da can dillali shigowa yake da kaya, Baba ya murza, ya ɗaga a haske, ya san me ke ciki. Yanzu kowa hoto yake turowa ta waya: "Maigida, ga sabon shigowa, in ajiye maka?" A hoto kuwa jabu ya fi na gaske sheƙi, kamar yadda mayaudari ya fi kowa iya gaisuwa. An ɗora wa Baba kayan banza ba sau ɗaya ba. Yana cikin wannan mitar sai soyayya ta buɗe bakin Tabarau, ya ce shi zai iya haɗa abin da zai duba hoto ya faɗi gaskiya.

Baba ya dube shi ta saman ido. "Ƙarfe zai san leshi? Ya taɓa saka shi?"

Tabarau ya tura tabaransa sama da ɗan yatsa, abin da yake yi duk lokacin da ya rikice.

"Na'urar ba leshi za ta sani ba, Baba. Kama za ta auna. Za a nuna mata hotuna da yawa, a ce waɗannan na gaske ne, waɗancan jabu. In aka kawo sabo, sai ta jera shi da waɗanda ta sani, ta auna yadda ya yi kama da kowanne. Ma'aunin kamar nan shi muke kira kanal. Inda kama ta rinjaya, can za ta kai shi."

"Wato yadda ake gane ɗan gidan wane a kasuwa ko ba a taɓa ganinsa ba. Kunnen ubansa, tafiyar kawunsa."

"Haka ne, Baba."

"To in sun cakuɗe fa? Akwai baƙon da ya fi ɗan gida kama da gida."

Sai Tabarau ya zaro hankicinsa ya shimfiɗa a teburin awo. Ya ɗebi fil masu baƙin kai ya soka a tsakiya, ya kewaye su da masu farin kai. Ya miƙa wa Baba sandar awo ya ce ya raba su da layi ɗaya miƙaƙƙe. Baba ya aza sandar haka, ya juya ta haka, ko ta ina sai farare sun bi baƙaƙe. Ya ce, "Ba ya yiwuwa." Tabarau ya zura dunƙulen hannunsa ƙarƙashin hankicin, ya ɗaga tsakiya. Baƙaƙen suka hau sama, fararen suka zauna ƙasa. Ya kwantar da sandar a tsakaninsu, fes.

"Aikin kanal ke nan, Baba. Yana ɗaga abin zuwa inda layi ɗaya zai raba, ba tare da an cire fil ko ɗaya ba. Kuma in ta ja layin, ba duk hotunan take riƙewa ba, sai na bakin iyaka, waɗanda suka kusa ruɗa ta. Da su take jingina."

Baba ya shafa gemu. "Ni ma haka nake da dillalai. Mai gaskiya ƙwarai da ɓarawo ƙwarai ba sa hana ni barci. Na tsakiyar nan nake haddace fuskarsu." Ya gyara zama. "To saurara. Ba 'yata nake sayarwa ba, so nake in ga ko bakinka da hannunka tafiyarsu ɗaya. In aljanar nan taka ta ci jarrabawata, ka turo manyanka. In ta faɗi, ka koma bayan layi, zan saurari yayata. Kuma daga yau har ranar, ba kira, ba saƙo, ba zuwa sayen rabin yadi. Mai aiki ba ya son surutu."

Nan ne suka tafa, nan ne ni kuma bandir ya kusa suɓuce min.

Aikin ɗaukar hoto Yaya aka ba. To Yayana mutumin kirki ne, sai dai hannunsa ba ya rabuwa da maiƙo, kullum da abin da yake ci, kuma tun ranar da ya bar wa wani farin leshi tambarin yatsunsa aka haramta masa kabad. Na tebur ya bi su ƙyas, ƙyas, ƙyas, a inda suke kwance, yana tauna. Da ya gama ya leƙo ciki.

"Auta, ke ce mai kabad. Ga wayata, ki ɗauka, ni in tura."

Leshi na gaske ba a ganin saƙarsa a kwance, sai an ɗaga shi a haske. Don haka na ɗaga da hagu, na ɗauka da dama. Allah ya sani, ranar farko da zuciya ɗaya na yi. Sai da na duba hotunan na ga hannuna a gefe, sai wani tunani ya zo ya zauna kusa da ni ya ce, "Auta, Baba ya ce ban da kira, ban da saƙo. Kin ji ya ce ban da hannu?"

Ban ji ba, jama'a. Ku ma ba ku ji ba.

Washegari na shafa mai har gwiwar hannu, na ɗaura agogon da Tabarau ya ba ni da Sallah. Rana ta gaba na sa zoben azurfa. Ta gaba awarwaro. In leshin shuɗi ne, sai in nemo zobe mai shuɗin dutse. In ina fushi da shirun nan, sai in bar kan yatsa kawai ya leƙo, ya ji a jikinsa. Ɗaruruwan hotuna, kowanne da gaisuwarsa.

Amsa kuwa tana zuwa wayar Yaya.

"An samu. Hotunan yau sun yi kyau ƙwarai. A gaida mai ɗauka."

Yaya ya ɗago kai. "Ni yake gaisarwa?"

"Kai mana, Yaya. Wa ke da wayar?"

Wata rana kuma: "Na kabad ɗin nan, in da hali a ƙaro." Bai taɓa cewa a ƙaro na tebur ba. Yaya ya girgiza kai ya ce, "Mutumin nan yana son leshi."

Tawa wayar ma ba ta huta ba, don Manaja ba a sa masa doka ba. "Barka da rana. Yau na sauya taya." Washegari hoton sitiyari, ba ko sallama. Wata rana ya rubuto, "Kin san sanyin motata yana da mataki-mataki?" Na amsa, "Allah ya ƙara sanyi." Ya turo min zuciya ja. Goggo kuwa duk bayan kwana biyu tana falonmu, ta cire takalmi ta miƙe ƙafa a kan dardumar Mama, tana cewa, "Yaro mai abin hannu yana tsaye a rana, ku kuna jiran mai wasa da fil. Ke Auta, kwamfuta ake ci?" In ce, "A'a, Goggo." A raina in ce, taya ma ba a ci.

Ranar jarrabawa ta faɗo Asabar da safe, kafin a buɗe shago sosai. Na canja kaya har gado ya ɓace a ƙarƙashinsu. Daga ƙarshe na tsaya a doguwar riga ruwan toka mai ɗinkin zare a wuya, irin wadda ke cewa ni ba ruwana, na yafa farin mayafi, na ɗaura agogon. Turare kaɗan, don Baba yana da hanci.

Tabarau ya rame. Rigarsa a goge take amma ya tsallake maɓalli ɗaya. Ya gaishe da Baba har ƙasa, ni kuwa ko kallo, sai dai na ga idonsa ya sauka a kan agogon ya tashi da sauri. Ya kafa waya a kan 'yar ƙafarta, ya buɗe kwamfuta a gefe, ya ce in na gaske ne allon zai yi kore, in jabu ne ya yi ja.

Muna shirin farawa sai ga ƙarar mota. Goggo ce ta shigo cikin wani leshi mai furanni ruwan hoda, ɗinki har da jela, tana tafe tana buɗe hannu don kowa ya gani. Manaja na biye, makulli na juyawa a yatsa.

"Na zo in ga faɗuwa da idona," in ji ta, ta zauna a kujerar Baba, Baba ya koma kan benci.

Ni da na ga leshin sai da na sake kallo. Na san shi. Ina ne na san shi? Kafin in tuna, Baba ya ce, "Auta, buɗe kabad."

Na ɗauko na farko, na ɗaga shi a haske yadda aka saba. Ƙyas. Kore. Yaya ya jawo ɗaya daga na gaba ya wurga a tebur. Ƙyas. Ja. Baba ya ce in ɗauko wani tsohon yayi da ke can ƙasa, wanda ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba. Na ɗaga. Kore. Ya sa Yaya ya kwance wani sabon ɗaurin 'yan kwaikwayo da ya iso jiya, masu ƙyalli kamar su yi magana. Ya baje a tebur. Ja. Haka aka yi ta yi, kabad kore, tebur ja, ba kuskure ko ɗaya. Makullin Manaja ya rage gudu. Ni kuwa zuciyata har ta fara zaɓen kalar labulen ɗakina.

Goggo ta miƙe. "Wannan duk kayan gida ne, an haɗa baki. In dai ta isa, ta gwada wannan." Ta bugi ƙirjinta. "Manaja ya kawo min, daga waje aka yo masa odarsa. Ke Auta, kama min gefen hannun nan, ɗaga shi sosai."

Ina kama shi yatsuna suka gaya min. Santsin roba, zare mai kaushi a baya. Sai na tuna: bandir ɗin nan ne mai furanni ruwan hoda da ya daɗe a ƙarshen teburin gaba yana shan rana.

Ƙyas.

Kore.

Goggo ta tafa hannu. "Kun gani! Ashe yaron nan yana da kai! Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ni dama na ce abin nan na zamani ba ƙarya ba ne."

Yaya, da ke kurɓar shayi, ya shaƙe. Ya buɗe baki zai yi magana, na ga ƙafar Baba ta sauka a kan tasa a hankali, ta zauna. Ni kuwa addu'a nake a ciki: kowa ya yi shiru, don Allah kowa ya yi shiru, Goggo ta ji daɗi, mu ma mu ji, wa aka cuta?

Baba ya gyara murya. "To, Malam. Na gwada, yayata ma ta gwada, har ta sa albarka. Magana ɗaya ce. Sai ka je ka gaya wa..."

"Baba, a dakata."

Tabarau ne. Ya tura tabaransa sama har sau biyu. Na zare masa ido, na ƙifta, na girgiza kai kaɗan, na yi duk abin da fuska ke iya yi ba tare da sauti ba. Bai kalle ni ba. Leshin yake kallo, irin kallon nan na ranar farko.

"Furen nan na san shi," ya ce. "Na gefe a juye yake, kuma ganyensa ɗaya ya fi guntu. Yana cikin hotunan da aka turo min, amma a ɓangaren tebur. Bai kamata ta ce kore ba."

"Kai yaro," in ji Goggo, "kada ka ɓata albarkar da na sa maka."

"Ki yi haƙuri, Goggo. Ɗora hannun rigar a kan tebur. Auta, saki."

Sunana a bakinsa bayan wata guda, kuma wai saki. Na saki. Ƙyas. Ja.

"Kama kuma."

Na kama. Kore.

Tabarau ya waiga, ya ɗauko tsumman da Yaya ke goge tebur da shi, wanda ya sha shayi ya sha maiƙo har ba a san asalin kalarsa ba. Ya miƙo min. Na ɗaga shi a haske da yatsu biyu.

Kore shar.

Yaya ya kusa zamewa daga kan kujera yana dariya. "A kai shi kabad! Wallahi a kai shi kabad, a sa masa farashi!"

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Yi min bayani."

Tabarau ya juyo da kwamfutar. "Ka tuna na ce da hotunan bakin iyaka take jingina, waɗanda suka kusa ruɗa ta? Ga su." Ya danna. A ɓangaren na gaske, duk hotunan da suka fito na ranakun fushina ne, waɗanda kan yatsa kawai ya leƙo. A ɓangaren jabu kuwa, waɗanda babban yatsan Yaya ya faɗo a gefe ne bisa kuskure. "Ta ja layi, Baba, kuma layin ya miƙe. Sai dai ba tsakanin na gaske da jabu ta ja shi ba. Tsakanin hoto mai hannu da marar hannu ne. Shi ne bambancin da ya fi girma, shi ta kama. Ba wanda ya gaya mata zare muke nema."

"Nuna min sauran."

Jama'a, akwai lokacin da mutum ke fatan ƙasa ta tsage ko da 'yar kaɗan ce. Hotuna suka riƙa wucewa a gaban Baba: agogo, zoben azurfa, awarwaro, agogo kuma, shuɗin dutse a kan shuɗin leshi. Akwai ma wanda leshin ya koma can gefe kamar shi ne ya shigo bisa kuskure.

"Wannan agogon na san shi," in ji Baba, yana kallon wuyan hannuna.

"Baba, kai ka koya min sai an ɗaga a haske..."

"Na koya miki. Canjin zobe ma ni na koya miki?"

Na sunkuyar da kai ina ƙirga zaren mayafina.

"Laifina ne, Baba," in ji Tabarau. "Tun hoton farko na gani. Aikina ne in yanke hannun daga kowane hoto kafin in ba ta. Na fara yankewa, na kasa. Na gaya wa kaina ai zare za ta kalla. Na ɓoye mata wasu hotuna na gwada ta da su, ta cinye duka, na yi murna. Ban tsaya na tuna su ma daga hannu ɗaya suka fito ba. Ko kuma na tuna, na kau da kai."

"Ni duk wannan bai dame ni ba," in ji Goggo. "Da fari kore ta ce, kuma maganar farko ita ce magana. Manaja, gaya musu daga ina ka kawo shi."

Manaja ya buɗe baki. Baba ya ɗage ƙafarsa daga kan ta Yaya.

"Goggo, ni na yanka masa," in ji Yaya yana share hawaye. "Ga ragowar bandir ɗin can a ƙarshen tebur. Har ya ce in sa masa a ledar da muke sa na kabad."

Makullin ya tsaya cak. Tun da na san Manaja ban taɓa ganin yatsan nan a tsaye ba.

Goggo ta juya a hankali, jelar rigarta na binta. "Ni ka sa wa na tebur? Na shiga taro da shi ina juyi, ina ce wa mata su taɓa su ji?"

"Goggo, ai kalar ce ta dace da..."

"Rufe min baki. Buɗe min motar. A hanya zan gama da kai, kuma ka kunna sanyin nan naka har matakin ƙarshe, za ka buƙace shi."

Suna fita Baba ya koma kujerarsa, ya zauna, ya daɗe yana kallon Tabarau. Shi kuwa ya fara naɗe wayoyinsa kamar wanda ya san hanyar gida.

"A yarjejeniya, ka faɗi," in ji Baba.

"Na faɗi, Baba."

Idona ya ciko. Na ce a raina, ga gaskiya nan ka ci, sai ka dafa ta.

Baba ya ci gaba, "Tun da yayata ta sako ƙafa na gane leshin nan, ai nawa ne. Da aljanarka ta ce kore, na taka wannan sarkin surutun don in ga me za ka yi. Na buɗe baki zan ba ka 'yata, kana ji kana gani, ka mayar min da ita." Ya girgiza kai. "Na tsufa a kasuwa. Masu nuna min kyan kayansu ba sa ƙirguwa. Wanda zai nuna min inda kayansa ya yage bayan an gama ciniki, na manta rabon da in gan shi. Ka turo manyanka."

Tabarau ya cire tabaran gaba ɗaya, ya rasa inda zai sa su, ya mayar.

"Amma aljanar nan sai ka gyara min ita, don dillalai ba su daina turo hoto ba. Kai kuma," ya nuna Yaya, "ka wanke hannu da sabulu, ka sake ɗaukar komai daga farko. Na kabad da na tebur, wuri ɗaya, haske ɗaya, a rataye a jikin ƙusa. In na ga yatsa ko na waye, daga farko za a koma. Ke Auta, ba shi makullin, ki je gida ki huta da zobbanki."

Ina shiga ɗakina wayata ta yi ƙara. Saƙon farko bayan wata guda.

"Na gwada ta da hoton da ba leshi a ciki sam, hannun kawai. Ta ce kore. A wannan kam ba ta yi kuskure ba."

Na faɗa kan tulin kayan da ke gado ina murmushi ni kaɗai. Sai wani saƙon ya shigo.

"Af, Ummana ta ce in gaya miki. Wata guda tana wucewa ta bayana tana ganin hannun nan a kwamfuta, ta ce ta gaji, mai hannun take son gani. Ta kuma ce hannun bai yi mata kama da wanda ya san tukunya ba. Wai ki zo Asabar ki yi mata girki, ita ma tana da nata ma'aunin."

To ga yadda aka tashi. Baba ya ci riba biyu, ya samu mai gyara masa na'ura kyauta, ya kuma auna suruki ba tare da ya tashi daga benci ba. Tabarau ya faɗi jarrabawa ya same ni. Goggo ta yi asarar leshi da ɗan takara a safiya ɗaya. Manaja ya tsira da motarsa, kunnensa ne dai ban sani ba. Yaya ne ya fi kowa faɗuwa, don an raba shi da maiƙo har sai ya gama kabad. Ni kuwa, jama'a, da safe na ɗauka ni ce na fi kowa ci. Yanzu ga ni a tsaye a ƙofar kicin ɗin Mama, na cire agogo, na cire zobe, ina kallon tukunya tana kallona, ni da ruwan shayi ma ya taɓa ƙonewa a hannuna.